Haɗari, kasada, ganganci ko tsautsayi: me za mu rubuta a allon bakin kududdufi?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu Hausa a baki ku taimaka min da shawara. Muna da wani kududdufi a bayan unguwarmu, asalinsa ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, duk damina sai ya cika ya batse yara su mai da shi wurin wanka, bara ya ci yaro ɗaya ɗan makarantar allo, bana ma saura ƙiris a sake Allah ya kawo wani mai wankin babur ya fizgo yaron. To mun yi karo-karo mun sa mai fenti ya rubuta mana allo, bawan Allah ya zo ya rangaɗa HADARI da manyan baƙaƙe ja, babu lanƙwasa a kan d ɗin. Yanzu yaran unguwa in sun zo wucewa sai su ɗaga kai sama su ce ina hadarin yake ai gari garau. Mun zama abin dariya wallahi. Za mu sake allon, amma kafin a sake kashe kuɗi wace kalma ce ta fi dacewa? Wani ya ce a sa kasada, wani ya ce ganganci, har wani dattijo ya ce duk ɓata fenti ne tunda tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Maman Iman: Wa alaikumus salam. Hhhhh yaran nan ba su da dama, amma fa gaskiya suka faɗa, hadari na sama ne. Allah ya jiƙan yaron ya ba iyayensa haƙuri.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji laifin ba na mai fenti kaɗai ba ne, mu duka muna yi a waya. Hadari da d shi ne gajimaren da ya haɗo zai zubar da ruwa, haɗari da ɗ kuma aro ne daga Larabci, khaɗar. Bahaushe in ya ari kalma mai kh yakan mai da ita h, kamar Alhamis, alheri, hatimi, shi kuma harafin ɗa na Larabci yakan zo da ɗ kamar ɗalibi, ɗabi'a, sharaɗi, wani lokaci kuma ya zo da ts. Shi ya sa ake da haɗari ake da hatsari, kamar yadda za ka ji Shaiɗan wani ya ce Shaitsan. Kalma ɗaya ce. To mafi sauƙi ku rubuta HATSARI, ba lanƙwasa ba rigima, ko mai fentin bai yi boko ba zai iya.

Baban Khalifa: Kai Malam Allah ya ƙara basira, ban taɓa lura hatsari zai raba gardamar ba.

Direban Tirela: Malam ka yi hakuri ni wayata ba ta da lankwasa don haka a karanta da hankali. Ni ban yarda hatsari zai yi aiki ba. Mu a hanya in aka ce hatsari to an riga an yi, mota ta kife ko an yi taho mu gama, ana kwasar mutane. In yaro ya ga an rubuta hatsari a bakin ruwa zai waiga ya ga ba mota ba jini ya cire riga ya fada. Hukumar kiyaye hadurra ma ai sunanta kenan, abin da ke faruwa a titi take nufi. Shekara 22 ina jan babbar mota Kano Legas, allunan gefen hanya kala kala na gani, ba wanda ya taba sa na daga kafa daga totur kamar in ga gawar mota a gefen kwana.

Malamin Hausa: Direba ka taɓo wuri mai kyau. Kalmar tana ɗaukar abu biyu, abin da ya riga ya auku da abin da ake tsoron ya auku. An yi haɗari a hanyar Zariya, wannan ya faru. Hanyar nan tana da haɗari, wannan bai faru ba tukuna. Abin da ke gefen kalmar ne ke raba su, yi haɗari daban, da haɗari daban, cikin haɗari daban. In aka bar ta tsirara ita kaɗai a allo to kowa da abin da zai fahimta.

Nas Hauwa: Wannan abin kullum muna fama da shi a awo. Ka ce wa mace cikinki yana da haɗari saboda jininki ya hau, sai ta ce Allah ya kiyaye ai ni ko mota ba na shiga. Wallahi ba wasa nake ba an sha faɗa min haka. Da na gane sai na canja baki, nakan ce mata Hajiya in kika zauna haihuwa a gida da wannan jinin kasada kika yi da ranki da na ɗanki, jijjiga za ta iya kama ki cikin dare ba mota ba jini. Nan take za ka ga fuskarta ta canja, don kasada ta san ita ce za ta yi da hannunta, haɗari kuwa kamar wani abu ne can da zai faɗo daga sama.

Ɗan Kwari: Anti Nas ki bi a hankali da kasada fa, mu a kasuwa ba zagi ba ce. Wanda ba ya kasada ba ya kuɗi. Mutum ya kwashi jarinsa ya yi odar kwantena ta yi wata biyu a ruwa bai san nawa dala za ta kai ranar da za ta sauka ba, wannan kasada ce kuma in ya dace kowa sai ya ce wane namiji ne. In kun rubuta wa samari KASADA a bakin ruwa kun ma zuga su ne, kowa zai so a ce shi ɗan kasada ne.

Maman Iman: Gaskiyar Ɗan Kwari, kamar masu wasan babur ɗin nan ranar ɗaurin aure, in ka ce musu 'yan kasada har wani ƙara ɗaga tayar gaba suke.

Bazazzagi: To ai shi ya sa Bahaushe ya ajiye ganganci. Ni yadda na taso na ji ana amfani da su, kasada ka san akwai halaka amma akwai abin da kake hange a gaba, riba ko ceto ko abinci. Wanda ya faɗa rijiya ya ciro yaro kasada ya yi, ko a ce ya sai da rai, ko ya yi shahada. Ganganci kuwa ka san halakar sarai kuma ba komai a gaba sai iska, daga gangan kalmar ta fito ai, da gangan. Mai tsere da babur ba hular kwano ganganci. Sai sakaci, shi kuma ba ka nufa ba amma ka bar abin da ya kamata ka yi, kamar wanda ya haƙa ramin nan ya kwashi ƙasa ya sayar ya tafi ya bar shi buɗe. Tsautsayi shi ne ƙarshe, wanda ba hannun kowa, kana zaune ƙofar gidanka reshe ya karyo maka a ka. Kowace kalma tana nuna wa za a kama ne.

Malamin Hausa: Bazazzagi ka gama darasin, sai dai in karɓi alli in koma ɗalibi.

Alhajin Tudu: Ku yaran zamani kuna da son rarrabe abu. Duk abin da ya sami bawa rubutacce ne. Yaron da ruwa ya ci kwanansa ne ya ƙare, da ba kududdufi da zazzaɓi ne. Mu da muka taso a kududdufi muka koyi ruwa gaba ɗayanmu ga mu nan da jikoki. Tsautsayi ne kawai, a yi masa addu'a.

Nas Hauwa: Baba Alhaji da girmanka, ba wanda ya musa ƙaddara a nan. Amma kalmar tsautsayin nan ta zama bargo, komai aka lulluɓe da ita shikenan an rufe magana. Kwale-kwalen Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, yawancinsu yara 'yan Islamiyya za su maulidi, an loda jirgi fiye da ƙima a ruwan dam ɗin Watari, sama da rai 20 suka tafi. Wannan tsautsayi za a ce ko lodi? Yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 su fiye da 400, ana dakan dutsen zinare a tsakar gida inda suke rarrafe, da an tsaya a tsautsayi da ba a kwashe ƙasar gidajen ba har yau ana binnewa.

Ustaz Na Layi: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, ƙaddara gaskiya ce amma ba ta hana riƙo da sababi. Alƙur'ani ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Baƙara aya ta 195, kuma sananne ne Manzon Allah SAW ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ma da ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can juyawa ya yi da jama'arsa, da aka ce gudun ƙaddara yake ya nuna cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ni a ganina tsautsayi kalmar ta'aziyya ce, wurinta bayan abu ya faru a gaban uwar da ta rasa ɗa, don ba za ka je mata gaisuwa ka ce sakacinki ne ba. Amma a taron gyara ba ta da kujera.

Alhajin Tudu: Malam na ji, ban ce kar a kafa allo ba. Cewa na yi allo ba ya tare ajali.

Baban Khalifa: Baba mun yarda, mu dai namu mu yi ne.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Ni inda na tsaya shi ne tsakanin kasada da ganganci, don rabon da Bazazzagi ya yi yana da daɗi a baki amma a ƙasa wuya gare shi. A Yamai cikin Mayun 2019 motar isansi, wato fetur, ta faɗi kusa da filin jirgi da dare, mutane suka fito da bidoni suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka ƙone. Duk wanda ke zaune cikin salo da fanka ya ce ganganci ne. To amma wanda ya fito da bidon yana hangen kuɗin hatsin kwana uku ne, kenan a lissafin Bazazzagi kasada ya yi. Haka matan Kance ta jihar Damagaram da suka mutu da ƙishirwa cikin Sahara a Oktoban 2013 a hanyar Aljeriya, mutum 92 yawanci mata da yara, motarsu ta lalace. Su sun san hamada, ba yau aka fara ba. Me za mu kira nasu?

Direban Tirela: Wallahi dan uwa ka fama min ciwo. Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 na bi hanyar bayan kwana kadan, tankar daga Kano ta taso za ta Nguru, ta fadi da dare mutane suka zo diba daga kwata, sama da 150 suka rasu aka yi musu kabari daya. Ko wata hudu ba a yi ba aka sake a mahadar Dikko ta jihar Neja a Janairun 2025. Ni na ja tanka shekara uku kafin na koma tirela, fetur ba ruwansa da ashana, tururinsa kadai in ya kwanta a kasa karfe ya goga karfe ko a tada janareta shikenan. Ni ganganci nake kiransa ko mutum yunwa ce ta kawo shi, don litar da ta haura naira dubu a lokacin ba ta kai rai ba.

Bazazzagi: Ɗan Damagaram ka kama ni. Amma bari in gyara, ba riba kaɗai ake dubawa ba, ana duba ko ribar ta kai abin da aka ɗora a faranti. Ɗan kasuwa jari ya ɗora, in ya faɗi zai tashi. Mai kwasar fetur rai ya ɗora a kan jarka ɗaya. Sai dai kuma da yawansu ba su san tururi na kamawa ba, suna ganin tunda ba mai shan sigari lafiya lau, to wanda bai sani ba ba za ka ce da gangan ya yi ba, wannan rashin sani ne, kuma an ce ya fi dare duhu.

Ɗan Damagaram: Na matan Kance fa?

Bazazzagi: Wannan gaba kura baya sayaki ne. Ban da kalma ɗaya da zan ba shi, kuma ba na jin bakina zai iya ce musu ganganci.

Maman Iman: Ana gudun gara an faɗa gidan zago. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Ɗan Kwari: Ni akwai wadda nake so a yi min bayani, barazana. Yanzu rediyo komai barazana, barazanar ambaliya, barazanar yunwa, barazanar kwalara. Mu da muka sani barazana mutum ne ke yi maka, ya ce in ba ka biya ba zai kai ka kotu, har ma akan ce barazana ce kawai wato ba abin da zai iya. To in aka ce barazanar ambaliya ni sai in ji kamar ruwan cika baki yake.

Malamin Hausa: Haka ne, 'yan jarida ne suka faɗaɗa ta saboda fassarar labarai, kuma ta zauna, yanzu ba mai hana ta. Amma wancan ɗanɗanon na kurari yana nan a kunnen mutane, ga shi kai ma ka ji shi. Mutanen Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 sun ga cewa ruwa ba ya kurari. Akwai wata ma da ba a ambata ba, garari. Ya shiga garari, ya jefa iyalinsa a garari. Ita ba mutuwa nan take ba ce, hali ne na rashin tabbas da wahala, kuma masu fiƙihu sun san garar a ciniki, kamar sayar da kifin da ke cikin ruwa ko tsuntsun da ke sama.

Ɗan Kwari: To wannan ita ce ta 'yan MMM, tsarin zuba kuɗin nan da ya rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016 hhhh, an sayi tsuntsu a sama. Ni ma dubu 80 ɗina ta bi iska, lokacin ina ce wa kaina kasada nake ashe ganganci ne da rigar kasada.

Maman Iman: Ɗan Kwari ashe kai ma ka sha, kullum kana mana wa'azin jari.

Ɗan Kwari: Hajiya rufa min asiri, uwargida na cikin gidan nan.

'Yar Katsina: Ku yi haƙuri na shigo a makare, na karanta tun daga sama. Duk kun tafi Larabci da fiƙihu kun manta wa za a rubuta wa allon. Yara ne 'yan shekara bakwai zuwa sha biyu. Wace uwa ce ta taɓa ce wa ɗanta kada ka taɓa wuta akwai hatsari? Cewa take KUL. Kul ka taɓa, kul na sake ganinka a bakin ruwan nan, akul ɗinka. In ya girma a ce masa ahir. Kalmar da ya sha da nono kenan, tana shiga jiki kafin ta shiga kai. Hattara ma tana da kyau amma ta manya ce, ta rediyo da bayan mota. Sannan ku faɗi abin da ruwan ya yi ƙarara, ruwan nan ya ci yaro, kamar yadda Direba ya ce gawar mota ta fi allo.

Malamin Hausa: Hajiya kin kayar da mu duka. Baƙi uku, ba lanƙwasa, ɗan aji ɗaya zai karanta.

Nas Hauwa: Kul ɗin ta yi wallahi. Amma a tambayi iyayen yaron kafin a rubuta ya ci yaro, kullum ta nan za su riƙa wucewa.

Ustaz Na Layi: Wannan haka yake, a nemi izininsu. Kuma tunda almajirai ne suka fi zuwa, da yawansu ba sa karanta boko, a rubuta da ajami a ƙasa, kaf da lam ne kawai da rufu'a. A je wa malaman tsangayun ma a faɗa musu baki da baki.

Alhajin Tudu: Ajamin nan na yarda da shi. Amma ku sani wanda ya iya ruwa ba zai ji kul ba, kuma ruwa gwani yake ci. Mu a zamaninmu akwai dattijo da ke zama a gindin bishiya da tsumagiya, shi ne allon.

Direban Tirela: Baba ya dawo hanya hhh. In kuna da wanda ke gini kusa ku roki tifofin da ke zubar da baraguzai su rika juyewa a ramin, rani biyu ya cike, na ga an yi haka a wata unguwa.

Bazazzagi: A dai duba kafin a cike, wani kududdufin shi ke shanye ruwan unguwa, in kun toshe shi damina mai zuwa ruwan a ɗakunanku zai kwana. Kano ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba inda aka cike kududdufai aka yi gini a kai.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Ga abin da zan kai wa kwamiti bayan isha'i: a sama KUL da ja babba, ƙasa da shi RUWAN NAN YANA DA ZURFI, sai layin ya ci yaro in mahaifinsa ya amince, sai ajami a ƙasa. Zurfi ba lanƙwasa, ruwa ba lanƙwasa, na duba kalma kalma. Maganar cikewa sai mun ga mai unguwa. Baba Alhaji kuma kujerar gindin bishiya tana jiranka, akwai dalbejiya a wurin.

Alhajin Tudu: Ku kawo tabarma da shayi tukuna.

Ɗan Kwari: Alhaji turo min girman allon ta akwati, fentin ja galan ɗaya ni zan saya. Amma don Allah a canja mai fenti.

Baban Khalifa: Ƙanin matata ne, ba ya canzuwa. Tsayawa zan yi a kansa har ya gama.